Zakkar Kuɗin Kwalbati

Har yau, idan na ji ana yabon ɗan kwangila da cewa hannunsa a sake yake, sai raina ya ɓaci. Na yi shekaru ina riƙe wa irin wannan mutumin littafin lissafi, na san daga inda kyautar take fitowa. Mutumin kuwa ba bare ba ne, ƙanen mahaifina ne uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa muke ce masa. Ban yafe masa ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba don a ce ni ɗan kirki ne.

Gidanmu a Tambuwal gidan karatu ne. Mahaifina a zaure ya ƙare rayuwarsa yana ba da karatu, shi kuwa Baffa tun yana saurayi ya naɗe buzunsa ya bi 'yan kwangila, har ya zama ɗaya daga cikinsu. Ajujuwan makaranta, katanga, magudanar ruwa, duk abin da aka ba shi karɓa yake yi. Lokacin da na gama karatun akanta mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, sai Baffa ya kira ni ya ce in zo in riƙe masa lissafi, tunda abin na gida ne. Na yi murna, don ban san abin da ake kira lissafi a wajensa ba tukuna.

Lissafin Baffa a aljihu yake. Aljihun dama na abin da ya shigo ne, na hagu na abin da zai bayar, kafin la'asar kuma sun zama ɗaya. Rasit kuwa duk inda hannunsa ya kai nan yake ajiye shi, gaban mota, ƙarƙashin darduma, cikin hula. Na taɓa tsintar rasit ɗin rodi an ƙunshe tsire da shi. Direban tipa zai zo ya ce ya kawo yashi sahu kaza, Baffa ya dubi fuskarsa, in ta yi masa ya biya, in ba ta yi masa ba ya ce ya dawo gobe. Haka na tarar da kamfanin da ake buga sunansa a allo ana kafewa a bakin titi.

Abin da na nema a wajensa ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ce kowane aiki a ware masa shafinsa da asusunsa, kada kuɗin katanga su shiga na aji. Na ce shi kansa ya yanka wa kansa albashi, ya riƙa cin gidansa daga ciki, sauran a bar su sai an gama aiki an ga abin da ya rage, wannan shi ne riba. Ya saurare ni har na gama, yana sakace, sannan ya ce, "Kai yaro, kuɗɗi ai kuɗɗi na. Na katanga da na aji duk hoto guda ag gare su." Daga ranar ya laƙaba mini suna Banki. Idan wani ya zo neman abu ya ga ina kusa, sai ya ce masa ya yi a hankali, Banki na ji. Su yi dariya, ni kuwa in haɗiye.

Duk wanda ya san kwangila ya san ba a ba ka kuɗin aiki gaba ɗaya. Ana ba ka wani kaso ka fara, idan ka kai wani mataki injiniya ya zo ya duba ya sa hannu, sannan a sake ba ka. Wannan kason na farko shi ne kuɗin fara aiki, kuma ko sisi a cikinsa ba naka ba ne. Siminti ne da ba a saya ba tukuna, rodi ne, tsakuwa ce, gumin birkila da lebura ne. Amma a garinmu ranar da ya shigo ranar salla ce. Ban san yadda labari yake fita ba, kafin ni mai riƙe da littafi in ji, 'yan barka sun ji. Za ka ga wanda rabonsa da gidan tun sunan wani yaro ya zo ya tsuguna yana cewa Allah Ya sanya albarka, idonsa a kan aljihu. Duk 'yan kwangila suna fama da wannan, wasu su ɓuya, wasu su tafi Sakkwato sai ƙura ta lafa.

Baffa ba ya ɓuya. Shi nasa salon daban ne, kuma ɗan gidan malamai ne kaɗai zai yi tunaninsa. Duk ranar da kuɗin fara aiki suka shigo, sai ya fitar musu da zakka. Zai sa a share zauren mahaifina, a shimfiɗa buzun marigayin, ya zauna a kai, a kira tsofaffin ɗaliban gidan da limaman unguwa da masu ƙaramin ƙarfi, a riƙa miƙa ambulan ana addu'a. Gari ya ɗauka, wane ba ya barin haƙƙin Allah ya kwana a hannunsa. Alhali a gidanmu ko yarinyar da ke kai wa ɗalibai ruwa ta san zakka tana kan dukiyar da ka mallaka ce, wadda shekara ta zagayo tana hannunka. Wannan kuwa amana ce, ko kwana ba ta yi ba.

Da farko na ɗauka asarar ita ce abin da ke cikin ambulan ɗin. Daga baya na gane zakkar ƙofa ce kawai. Ranar da mutum ya fitar wa kuɗi zakka a gaban jama'a, ya shaida wa kansa da kowa cewa nasa ne. To wa zai hana mutum taɓa kuɗinsa da ya riga ya tsarkake? Washegari sai gyaran mota, jibi gudummawar biki, gata ragon suna, sai kujerar Umara ga wani aboki. Idan rami ya buɗe a tsakiyar aiki, sai a jira sabuwar kwangila a cike shi da kuɗinta, ita ma bayan an fitar mata da tata zakkar. Shekaru muka yi a haka, ina rubutawa ina cizon yatsa, Allah kuma yana rufa asiri.

Sai ga aikin kwalbati a ƙauyen su mahaifiyata, can cikin ƙasar Kebbe. Akwai rafi tsakanin ƙauyen da hanyar kasuwa, da rani yashi ne zalla, da damina kuwa yana cika ya tumbatsa. Mutanen ƙauyen suna da mashiginsu tun kakanni, duwatsu ne aka jera, aka shimfiɗa gumagumen giginya, aka danne da buhunan ƙasa. Ba shi da kyan gani, amma babur yana wucewa, amalanke yana wucewa, shanun Fulani suna wucewa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai su yi gayya su gyara abinsu. Ni kaina a kan mashigin nan na koyi tsallen kwaɗo lokacin da ake kai mu hutu. Wurin nan ne kaɗai ƙasa take da ƙarfi, saboda haka a nan aka zana kwalbatin, kuma ba yadda za a yi a gina shi sai an fasa mashigin.

Mutanen suka ƙi. Sun ga yadda ake haƙa rami a wasu garuruwa a kafa allo a tafi, suka ce a bar musu giginyarsu. Babban mai faɗa a ji a cikinsu yayan mahaifiyata ne, Kawu, manomi mai rumbuna, mutum mai ƙarancin magana. Tun ina ƙarami ba ya kirana da sunana, ɗan gidanmu yake ce mini. Idan na je ba na tsayawa sallama a zaure, kai tsaye nake shigewa har madafa in buɗe tukunya. Baffa ya san da haka sarai. Shi da bai taɓa ɗaukata zuwa wurin aiki ba, ranar nan ya ce in shiga gaban mota.

Aka taru a gindin tsamiya, Baffa ya yi ta zuba, ya kawo aya ya kawo hadisi a kan falalar gyara hanya. Da aka tashi salla sai Kawu ya ja ni gefe, bayan wani rumbu.

"Ɗan gidanmu, ba Alhaji nika tambaya ba, kai nika tambaya. In munka fasa mashigin ga, kuɗɗin na isa a gama kahin ruwa?"

Na riga na yi lissafin aikin tun daga buhun siminti har ƙusar kafinta, na san amsar. Na ce, "Suna isa, Kawu, in ba a taɓa su ba. Amma ka sani, littafi nika riƙe, ba kuɗɗi ba."

Ya ce, "Yo wanda ar riƙe da littafi ai shi ar riƙe da kuɗɗi." Ya koma gindin tsamiya ya gaya wa mutanensa cewa tunda ɗan gidansu ne a kan lissafin, a fasa. Na so in sake ja masa kunne, amma an riga an shafa fatiha, Baffa yana ta dafa kafaɗata a gaban mutane kamar wani abin arziki.

A hanyarmu ta dawowa na sa Baffa a gaba. Na ce wannan aikin ba irin sauran ba ne, ribarsa siririya ce, lokaci kuma ƙanƙane, ga shi babu wata kwangilar da muke sa rai da za ta cike rami. Na ce kuɗin na shigowa a wuce da su wurin mai siminti da mai rodi a biya kaya gaba ɗaya, tun farashi bai motsa ba, abin da ya rage a bar shi na ma'aikata. Na ce masa dangin uwata ne, da bakina suka yarda. Ya ce haba Banki, shi ma ai surukansa ne, yadda na tsara haka za a yi. Har cewa ya yi Allah ne shaida.

Aka kai mota mai haƙa ta tumɓuke mashigin cikin wuni guda. Gumagumen giginyar da aka gada aka watsar gefe, yara suna hawa. Kwana kaɗan bayan haka Baffa ya aike ni Sakkwato in zagaya in ji farashin rodi a wurare daban-daban, kada a cuce mu. Na tafi da zuciya ɗaya, har ina jin daɗi ya fara ɗaukar shawara. Da na dawo da yamma, tun daga bakin layi na hango takalma a ƙofar zaure, sun yi tuli kamar na masallacin Juma'a. A nan na gane dalilin aiken.

Na kutsa ciki. Yana zaune a kan buzun mahaifina, ya sha rawani, ambulan a gabansa sun kusa ƙarewa, wani tsoho yana jan addu'a ana amsawa. Na jira aka shafa, don ba a haife ni in katse addu'a ba. Sannan na durƙusa kusa da shi, na yi ƙasa da murya, na ce Baffa waɗannan kuɗin kwalbati ne, ba su kai ga zakka ba, ba ma namu ba ne. Da ya so, da maganar ta tsaya tsakaninmu. Sai ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Ku ji min ɗiyan zamani. A zauren wana za ka koya min zakka? Sanda nika ɗaukar karatu nan wurin ko auren uwarka ba a yi ba. Je ka rubuta, zakka."

Sai aka fara ba shi haƙuri, shi. Wani ya ce boko ne, haka yake busar da zuciya. Wani ya ce yaro bai san albarka ba. Mutanen da suka yi shekaru suna durƙusa a gaban mahaifina, waɗanda suka karanta babin zakka a bakinsa, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara aljihu. Na fita, na buɗe littafi, a shafin kwalbati na rubuta abin da ya fita, a gabansa na sa: Baffa ya ɗauka. Ban rubuta zakka ba, kuma har na bar aikin ban taɓa rubuta ta ba.

Washegari na tafi wurin babban ɗalibin mahaifina, wanda yanzu shi ke limanci a unguwarmu, mutumin da Baffa yake jin nauyinsa. Na ce masa Malam, ba fatawa na zo nema ba, kai ka sani ni na sani, so nake ka kira shi ka gaya masa, ko sauran kuɗin sa tsira. Ya yi gyaran murya, ya ce lallai a zahirin hukunci akwai magana, amma ayyuka suna tafiya ne da niyya, kuma alheri ba a hana shi, in bai zama zakka ba ai ya zama sadaka. Na ce sadaka da kayan wani? Ya ce in riƙa girmama na gaba, Baffa uba ne. Duk wannan bayanin da yake yi, kusurwar ambulan tana leƙowa daga ƙarƙashin dardumarsa, yana ta jan carbi a kanta. Na tsani wannan zaman fiye da zagin da aka yi mini a zaure.

A cikin gida ma ban tsira ba. Gwaggonnina suka ce baƙin ciki nake yi da ɗaukakar da Allah Ya yi wa ƙanen ubana, wanda ya ɗauke ni aiki lokacin da nake yawo da takardu. Mahaifiyata kaɗai ba ta bi sahunsu ba. An kawo mata turmin atamfa daga cikin rabon, ta karɓa ta yi godiya, ta sa a ƙasan akwati, har yau ban ga ta ɗinka ba.

Abin da na faɗa shi ya biyo baya, kuma ba na jin daɗin cewa na faɗa. Motar Baffa ta ga sababbin tayoyi. Aka yi bikin 'yar wani abokinsa, ya ɗauki nauyin gara. Kullum da safe ina zuwa da littafi in ce a ba ni na siminti, ya ba ni na buhu kaɗan ya ce a fara da wannan. Muna saye kaɗan-kaɗan kamar masu cefanen miya, farashi kuma ya tashi ya bar mu a tsaye. Aka zuba gindi, aka ɗaga bango ɗaya, ɗayan ya tsaya iya gwiwa, rodi sun yi cirko-cirko. Kaso na biyu ba ya fita sai an rufe saman an zuba kankare injiniya ya gani. Injiniyan ya zo, ya zagaya, ya ƙi sa hannu, kuma gaskiyarsa ce. Birkiloli suka yi haƙuri iya haƙuri, sannan suka kwashe cebur da kwanonsu suka tafi wani aikin a Dogon Daji.

Duk lokacin da na je wurin, Kawu yakan zo ya tsaya a bakin ramin, hannu a baya, ya dubi gabas. Ba ya tambayata komai. Sau ɗaya kawai ya ce iska ta juya. Na dawo na gaya wa Baffa ko motarsa ce ya sayar a rufe kwalbatin nan, in kaso na biyu ya fito ya sayi wata. Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara, ya ce ɗan kwangilar da ba shi da mota wa zai ƙara ba shi aiki.

Ruwa ya sauka. Ramin da muka haƙa ya fi tsohon rafin zurfi, ya cika ya haɗiye guntun bangon, rodi suna ƙarƙashin ruwa ba mai ganinsu. Ba mashigi, ba kwalbati. Mai son zuwa kasuwa sai ya gangara can ƙasa inda ruwa ke kai wa ƙirji, samari su ɗauki babur a ka su ƙetare da shi a biya su. Taki bai shiga ƙauyen a kan kari ba, don ba amalanken da zai wuce. Fulani suka canja burtali, shanu suka bi ta gonakin mutane, aka yi ta rigima. Wata saniya ta faɗa ramin rodi ya farke mata ciki, sai yankawa aka yi. Mutanen da shekara da shekaru suke tsallakawa a kan giginyarsu ba su roƙi kowa ba, mu muka je muka raba su da ita.

Shi kuwa Baffa ko a jikinsa. Wanda ya tambaye shi sai ya ce ƙaddara ce, siminti ya yi tsada, masu ba da aiki sun riƙe kuɗi. Daga baya na ji sabon karatu: wai yaron da ya ba amanar lissafi ne bai iya ba, ya auna aikin ba daidai ba. Ni aka shafa wa kashin kaji. Da na tare shi da maganar, ya ce ai dole a gaya wa mutane wani abu, ni yaro ne, ba abin da zai rage ni. Na dube shi a ranar, na nemi ɗigon kamannin mahaifina a fuskarsa na rasa.

Ranar wata kasuwar Tambuwal, da hantsi, muna zaure ni da Baffa da wasu 'yan zaman kashe wando da ba sa rabuwa da shi, sai ga sallamar Kawu. Wandonsa ya bushe da laka har cinya, takalminsa a hannu. Na tashi da sauri zan karɓi sandarsa, ya kauce kamar bai gan ni ba. Ya zauna, suka gaisa da Baffa gaisuwa cikakkiya, gida, iyali, damina, bai rage komai ba. Baffa ya fara jero uzurinsa, Kawu ya bar shi ya kai aya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu ƙunshe a leda, ya warware. Ambulan ce, irin waɗancan, ba a ko buɗe ta ba. Ashe ranar rabon Baffa ya ba direbansa ya kai masa har gida. Ban sani ba, domin zakkar Baffa ba ta da rasit.

Kawu ya ajiye ta a kan buzun, a gaban gwiwar Baffa.

"Wagga taka ta, Alhaji. Ni ban kai ga cin zakka ba tukun, hatsi nika fiddawa duk kaka. Da anka kawo min, na aje don kar in kunyata suruki. Yanzu na ji inda ta fito. Gadarmu ta anka yanko anka ba mu sadaka."

Baffa ya buɗe baki, ya ce haba, ai ba haka ba ne, zumunci ne. Kawu bai ko dube shi ba. Ya juyo wajena, karo na farko tun shigowarsa.

"Kai mai littafi, rubuta. Kuɗɗin kwalbati sun dawo."

Na buɗe shafin na rubuta. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, wannan ne kaɗai kuɗin da suka fita ta wannan ƙofar suka dawo. Ko buhunan siminti na kirki ba za su saya ba.

Kawu ya yi sallama ya fita, na bi shi da gudu har bakin titi. Na ce Kawu ka tsaya ka sha ruwa, ka shiga ku gaisa da Inna. Ya ce in gaishe ta, sai wata rana. Na ce ka san na gaya maka littafi ne a hannuna. Ya ce ya sani, na faɗa, bai ce na yi ƙarya ba. Ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya ɗaura takalminsa a sanda, ya hau. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Koma wurin ubangidanka. Ku mutanen Tambuwal kun fi mu sanin littafi."

Da na koma zaure, ambulan ɗin ba ta kan buzu. Na tambaya, Baffa ya ce ya ba direba ya sha mai, ai kuɗin aiki ne, motar ma ta aiki ce. Na ajiye masa littafinsa da biro a inda ambulan ɗin take, na ce ya nemi wani bankin. Na naɗe buzun mahaifina ta gefen da Baffa bai zauna ba, na tsaya har ya ɗaga, na tafi da shi ɗakin mahaifiyata. Ya aiko a ba ni haƙuri, ya aiko a zage ni, duk ban amsa ba. Yanzu wasu 'yan kasuwar hatsi nake yi wa lissafi. Idan mun haɗu da Baffa a jana'iza ina gaishe shi, don mutane, iyakarta ke nan. Har yanzu yana samun aiki jefi-jefi, har yanzu ana tara takalma a ƙofar zaure.

Da rani ya zagayo na ji mutanen ƙauyen za su yi gayya su sake mashigi a gefen guntun bangonmu. Na hau babur na tafi tun da safe, ba wanda ya gayyace ni. Na tuɓe riga na shiga layin masu ɗaukar dutse, aka janyo tsofaffin gumagumen giginyar, waɗanda ba su ruɓe ba, aka mayar. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya yi mini wasa irin na da. Da aka tashi, hannuwana duk sun yi kanta sun fashe, na bi Kawu a baya zuwa gida. Na sa kai zan shige ciki kamar yadda na saba tun ina yaro, sai ya tsaya a ƙofa ya juyo. Ya yi mini sannu da aiki, da ladabi, ya ce Allah Ya ba da lada. Sannan ya leƙa ciki ya ce a kawo wa baƙo ruwa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure.